Ƙarfin Shan Nono

An ɗaura auren Kwok Suet-ying da Tse Chun-kit ranar Asabar a ƙauyen Tai O, kusan shekara guda bayan tseren kwale-kwalen da ya kusa raba su.

A shagon mahaifin Suet-ying suka haɗu, inda take sayar da busasshen kifi. A Ingila Chun-kit ya tashi, Kantonancinsa, yaren garin, rabi-rabi ne. Sau tara ya zo saye cikin wata guda kafin ta gano ko kifin ba ya ci.

Mahaifinta, Tsoho Kwok, shugaban matuƙan masunta, Ah Bo makaɗin gangarsu ya so ya aura mata. Da ta kafe, ya ce wa Chun-kit, "Ka shiga jirginmu ranar tsere. Ka fitar da ƙarfin shan nono mu gani."

Chun-kit ya turo mata saƙo: "Tauraruwata, wane nono kuma?"

Ta amsa: "Jariri in ya kama nono ba ya rage komai don gobe. Haka za ka yi, ɗan Ingilana."

Haka kuwa ya yi. Mutum goma sha tara suna tuƙi daidai da bugun ganga, shi yana riga ta. Filafilinsa ya riƙa karo da na maƙwabtansa, jirgin ya karkace. Suka zo na biyar cikin shida.

"Shekara talatin ban taɓa shan kunya irin wannan ba!" in ji tsohon. "Wannan ne zai riƙe gida?"

Suet-ying ta kalli tafukan Chun-kit, duk sun ɗaye. Ranta ya ɓaci.

"Baba, ƙarfi kuka nema, ya ba ku. Wa ya koya masa jin ganga? Mako uku kuna masa dariya, ba wanda ya gyara masa zama. Ah Bo, ƙarya nake?"

Ah Bo ya sunkuyar da kai.

Washegari da asuba Chun-kit ya je gaɓa ba wanda ya kira shi. Ah Bo ya wurga masa filafili. "Zauna baya, sarkin gaggawa. Kunne tukuna, sannan hannu."

Wata goma bai yi fashi ba. Tsohon na gani.

Ranar biki suka durƙusa suka miƙa wa tsohon shayi bisa al'ada. Ya daɗe yana kallon kofin, sannan ya shanye.

"Ku tsufa tare, ku cika gida da 'ya'ya," ya ce.

Saura kwana goma sha biyu tseren bana. Har yanzu bai faɗi ko surukinsa zai shiga jirgi ba.