Hannu a Kan Gwiwa

Kwana tara ke nan Umma tana kwana da abu ɗaya tana tashi da shi. Tun ranar da babban ɗansu ya bugo waya ya ce lallai wannan hutun a gidansa za a yi shi, ya gama gini har ya ware musu ɗaki, abinci ya daina yi mata daɗi. Tafiyar awa shida ce a mota, mijinta Malam kuwa ko ajiye wayar bai yi ba ya ce shi zai tuƙa.

Abin da ba wanda ya sani a gidan sai ita shi ne idon Malam ya fara tafiya. Shekara biyu da suka wuce ta ga ya tsiyaya shayi a gefen kofi, yana ta zubawa a kan tire bai sani ba. Da ta matsa masa sai ya ce hazo-hazo yake gani, abu na kusa da ƙyar yake fita, na nesa kuwa sai dai inuwa. Nan take ya sa ta yi masa alkawarin ko 'ya'yansu ba za su ji ba. Mutum ne da ya yi shekara talatin yana hedimasta, ya saba shi ke nuna wa mutane hanya. Asibiti ma ya ce ba zai je ba, wai a tsattsage masa ido a banza.

Sai suka ƙirƙiro dabararsu. In za su fita cikin gari ita ke zama a gaba, ta ɗora hannunta a kan gwiwarsa. Matsa ɗaya, ya rage gudu. Matsa biyu, ya karkato ɓangarenta. In ta buga sau uku da sauri, ya tsaya nan take ko mene ne. Da haka suke zuwa kasuwa, da haka suke zuwa gaisuwa. Maƙwabta har tsokanarta suke yi, wai soyayyar tsofaffi ta fi ta yara zafi. Autarsu ma takan kama baki ta ce ita dai Allah Ya ba ta irin ta Umma da Abba. Umma sai dai ta yi murmushi.

To amma cikin gari daban, babban titi daban. Ga shi tafiyar har da Auta, mai cikin wata bakwai, da mijinta.

Mijin Auta direban bas ne, shekara goma sha ɗaya yana jan doguwar hanya ko kaza bai taɓa takewa ba. Auta ce ta gan shi ta ce shi take so. Malam ya yi shekara guda yana cijewa kafin ya ba da ita, har yau kuma bai taɓa kiransa da komai ba sai “direban nan”. Shi ko yaron duk ƙarshen mako sai ya zo ya durƙusa ya gaishe su, ya karɓi bokiti ya wanke motar Malam, ya duba mai da ruwa da iskar taya, ya tafi ba tare da an ce masa sannu ba.

Da safen tafiyar Umma ta bi Malam ɗaki yana saka hula. Ta rage murya ta roƙe shi, ta ce ga ƙwararre a gida, ya bar wa yaron sitiyari ko rabin hanya ne. Malam ya ce motarsa ba bas ba ce, kuma ɗan tasha ba zai ja shi kamar buhun kaya ba. Ta ce ya dubi cikin da ke jikin Auta. Ya juyo ya dube ta, muryarsa ta yi laushi.

“Ba kina nan ba? Hannunki ne idona, uwar Auta. In kina gefena ko ƙarshen duniya zan je.”

Umma ta haƙura. Ta ɗauki filas ɗin shayi ta fita tana karanta duk addu'ar da ta iya.

Awa ta farko lafiya lau. Tana gaba, hannunta a inda ya saba zama, idonta a kan kwalta ko ƙiftawa ba ta son yi. Auta da mijinta na baya suna ƙus-ƙus, shi yana bayan kujerar Malam, ita tana bayan ta Umma. Can sai Auta ta fara nishi, ta ce zuciyarta na tashi, baya na jijjiga ta. Kafin a ce wani abu ta leƙa taga ta fara amai.

Malam ya tsaya a gefen hanya. Da Auta ta kurkure baki sai mijin ya ce a hankali, mai ciki ta fi samun sauƙi a gaba. Gaskiya ya faɗa, kowa ya sani. Umma ta kalli Malam, Malam ya kalli sitiyari. Da wane baki uwa za ta ce ita ba za ta tashi wa 'yarta mai ciki ba? Shi kuma da wane dalili zai hana?

“Koma baya,” ya ce, ba tare da ya dube ta ba.

Ta koma kujerar Auta. Daga nan hannunta ba ya kai wa ko kafaɗarsa. Ta so ta ce wa surukin su yi musanya, kunya ta hana ta, kuma in ya tambayi dalili me za ta ce? Mota ta tashi. Malam ya sunkuyo har ƙirjinsa na neman taɓa sitiyari, gumi na bin bayan wuyansa duk da iska na shigowa. Suka faɗa rami ɗaya, suka faɗa na biyu. Wani mai keke ya yi tsalle ya bar musu hanya yana ɗaga hannu. Umma ta lura tana ta matsa gwiwar kanta, sau ɗaya, sau biyu, har wurin ya fara zafi.

Auta kuwa iska ta buge ta, ta warware, surutu ya dawo. Suna kan wani miƙaƙƙen wuri, tirela na biye da su, sai ta hango wani tafki cike da fararen tsuntsaye. Da ɗokinta irin na 'yar auta ta miƙa hannu ta bubbuga gwiwar babanta, sau uku da sauri.

“Abba, kalli can—”

Malam ya danna birki iya ƙarfinsa, a tsakiyar titi.

Kan Umma ya bugi kujera. Bel ya riƙe Auta, ta dafe cikinta da hannu biyu. Daga baya wani irin hon ya cika musu kunne, tirelar ta goce, ta wuce ta gefensu tana jijjiga motar kamar takarda, har zafin tayoyinta Umma ta ji a fuskarta. Direbanta ya leƙo yana zazzaga abin da ba a maimaitawa.

Auta ta shiga cewa sori Abba, ita me ta yi, tsuntsaye kawai ta so nuna masa. Malam ya daka mata tsawa ta riƙe hannunta a jikinta. Umma ta saci kallon surukinta. Ba titi yake kallo ba, hannun Umma yake kallo, wanda har yanzu ke damƙe da gwiwarta. Ya sauke kansa.

Da aka ci gaba sai yaron ya ɗauko wata hira da ba ta da kai. Da matarsa yake magana, amma da ƙarfi. Ya ce Auta ta ga ramin can da ke gaba, irinsa ne ke cinye taya, gara a bi ta gefenta. Ya ce ta ga kwanar can, su a bas tun daga nan suke rage gudu. Auta ta ce shi dai ko a hutu sai ya yi mata lacca. Duk abin da yaron ya ambata kuwa sai motar ta bi. Hawaye suka cika idon Umma. Ta gane karanta wa Malam hanya yake yi, yana kuma rufa masa asiri.

Sun yi kusan awa guda a haka kafin Malam ya gane wanda ke jan sa. Idanunsa suka yi ja.

“Kai, direban nan, ka ishe ni. Nan ba tasha ba ce. Kar in ƙara jin bakinka.”

Yaron ya ce Allah Ya huci zuciyar Abba, ya yi shiru.

Ba a yi minti goma ba hanya ta gangara zuwa wata siririyar gada. Umma ta hango ganye a kan kwalta, reshe nan, reshe can, irin wanda masu babbar mota ke jerawa in ta lalace musu. A bakin gadar kuwa ga motar itace a tsaye, ta cinye hannunsu gaba ɗaya, launinta ya saje da ƙasar wurin. Ɗaya hannun kuma wata bas ce ke tahowa. Malam ya take reshen farko bai rage ba. Ya take na biyu. Surukin ya ce “Abba,” Malam ya ce ai ya ce a yi masa shiru. Auta tana duba wayarta.

Umma ta tuna alkawarin shekara biyu. Ta dubi ƙeyar mijinta, ta dubi cikin 'yarta da bel ya zagaye.

“Malam, tsaya! Mota ce a gabanka, ba ka gani! Wallahi ba ya gani, ku tsayar da shi!”

Tayoyi suka yi ƙara, motar ta ja, ta ja, ta tsaya. Tsakanin gilashinsu da gungumen da ya leƙo daga bayan motar itacen bai kai taku biyu ba.

A gindin wata bishiya suka zauna. Auta na kuka, Umma na riƙe da ita tana shafa cikin, sai da ta ji ɗan ya motsa sannan numfashinta ya dawo. Malam na zaune a kan dutse, ya cire hula ya riƙe. Umma ba ta taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

Surukin ya je ya durƙusa a gabansa. Ya ce yana neman gafara, amma shi ya fi shekara da sani. Duk mako in yana wanke motar sai ya ga sabon ƙarzani a gefe guda, ya goge da man goge fenti ya yi shiru. Ya ga hannun Umma ma, ya gane ba na wasa ba ne. Ko Auta bai faɗa wa ba, don ba shi ya kamata a ji daga bakinsa ba. Ya ce dalilin da ya sa ya ɗauki hutu ya biyo su ke nan. Kuskurensa ɗaya, da ya ce a mai da Auta gaba, tausayinta ya rufe masa ido bai tuna ba sai da aka tashi.

“Abba, ni ban san garin da Yaya yake ba. Kai ka san hanya. Ka zauna a gaba ka riƙa nuna min, ni in riƙe maka sitiyari kawai.”

Kowa a wurin ya san babu hanyar da yaron bai sani ba. Malam ya daɗe yana juya hular. Sannan ya laluba aljihu ya ciro makulli.

“Karɓi, ɗana. Ka kai mu.”

Rana ba ta faɗi ba suka isa, Auta na barci a kafaɗar uwarta. Washegari babban ɗan da surukin suka kai Malam wurin likitan ido, aka ce yanar ido ce, aikin da bai kai awa ɗaya ba, aka ba shi rana. Ya dawo yana cin abinci kwano ɗaya da mijin Auta, yana tambayarsa labarin hanya. Umma ce kawai bai sake wa fuska ba. In ta gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Kwana biyar tana kai masa shayi tana fitowa da hawaye.

Ranar komawa ta shiga baya ta takure. Sai ta ji an buɗe ɗaya ƙofar. Malam ne, ya ce Auta ta zauna kusa da mijinta. Da mota ta hau titi, ba tare da ya dube ta ba, ya kamo hannunta ya ɗora a kan gwiwarsa, ya danne da nasa.

“Bar shi nan,” ya ce. “Yau ba aiki zai yi ba.”

Haƙurin yaron nan na shekara uku bai faɗi ƙasa ba, wanda aka raina shi ya kawo su gida. Umma kuma ta koyi cewa rufa wa miji asiri so ne, amma in asirin zai hau titi da rayukan mutane, faɗarsa ita ce son.

Saura abu ɗaya da ya hana ta sakewa. A gidan Yaya, suna ninke kaya su biyu, Auta ta tambaye ta a hankali, ba da faɗa ba: “Umma, kin sani tun a gida, kika bar ni na shiga motar da cikin nan?” Umma ta sunkuya ta ci gaba da ninke kayan. Auta ba ta sake tayar da maganar ba, tana zuwa, tana gaisuwa, tana dariya, amma watan haihuwarta ya kama, Umma kuma ita za ta je zaman jego. Ku da kuka karanta, iyaye mata musamman, ku ba ta shawara. Ta zaunar da 'yar ta nemi yafiyarta tun kafin ta haihu, ko ta bari sai ta rungumi nata ɗan, wataƙila ta gane da kanta?