Muryar da ke Cikin Gungume

Na san Mai Zarto tun yana da ɗan tsohon inji a rumfar kwano a bakin gari, yana fasa gungume ya fitar da katako. Abin yana ciyar da gidansa, amma shi mutum ne mai dogon buri. In ya ga motar katakon wani ta wuce, sai abinci ya fita ransa.

Wannan ciwon ne ya kai shi wurin boka, a wata bukka da ko tsuntsu ba ya sauka kanta. Ciki akwai tukunya baƙa ɗaure da jan ƙyalle, ƙahoni a rataye, ga warin tsohon jini. Boka ya sa ya kawo faifan zartonsa da ƙurar bakin ƙofar kowane ɗaki na gidansa. Ya kwaɓa ƙurar da jinin babban yatsan Mai Zarto, ya bi haƙoran zarton ɗaya bayan ɗaya yana shafawa.

"Me zan biya?" in ji Mai Zarto.

"Ba ni za ka biya ba," boka ya ce. "Ai kuna buga gungume da bayan gatari kafin ku yanka, ku ji ko yana da rami?"

"Haka muke yi."

"To ka riƙa bugawa da kanka. Abin da ka ji, shi ne farashi. In ka ga dama ka yanka, in ka ga dama ka bari, arziki ya koma inda ya fito."

Kafin damina ta fita, kafintoci na rububin katakonsa. Ya sayi sabon inji da mota, ya rushe gidan ƙasa ya gina na bulo.

Wata safiya ya buga wani gungume, sai ya ji tarin ƙaninsa a ciki. Ya ce kunnensa ne ke yaudararsa, ya tura itacen bakin zarto. Kafin azahar ƙanin ya yanke jiki ya faɗi a gona, bai sake tashi ba.

Na biyun kam ba shi da uzuri, kuma har yau ina jin haushinsa. Muryar matarsa ya ji sarai, tana 'yar waƙar da take yi in tana shara. Ya daɗe tsaye, ga mai saye yana jira a mota. Ya yanka. Da ya koma gida ya tarar da ita zaune a ƙasa tana tsaga zaninta siri-siri, ba ta gane kowa ba.

Saura Auta, 'yarsa tilo, wadda yake ji da ita kamar ransa. Ranar da ya ji dariyarta a cikin wani gungumen maɗaci, bai yanka ba. Ya mirgina itacen bayan rumfa, ya ruga wurin boka neman mafita. Ya tarar bukkar ta rushe, ba kowa.

Bai gaya wa Dogo, daɗaɗɗen ma'aikacinsa, komai ba. Shi kuwa Dogo bai taɓa barin itace mai kyau kwance a ƙasa gara ta ci ba.

Tun daga nesa Mai Zarto ya jiyo kukan inji. Ya iso yana haki, Dogo ya tare shi da murmushi.

"Maigida, maɗacin nan da ka manta, na fasa maka shi. Dubi jan katako, ko aibu babu."

Daga cikin gari aka fara jiyo koke-koke.

Yanzu injin ya yi tsatsa, ciyawa ta cinye rumfar. Mai Zarto na yawo ba takalmi, yana manna kunne jikin bishiyoyi yana kiran Auta.

Kai mai hangen abin hannun wani, ka ji tsoron Allah ka riƙe ɗan abin da kake da shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma boka bai taɓa ba da kyauta ba. Da mutanen gidanka za ka biya.