Akwati na Shida

"A mayar musu da kayansu!"

Muryar Gwaggo Hasiya ce, yayar Babanmu, ta ratso har ɗakin da nake ɓoye. Ranar kawo lefena ce, amarya kuma ba ta fitowa. Amma ni Juwairiyya ba zan zauna ina ji ana rusa mini aure ba. Na yafa mayafi na fito.

Tsakar gidanmu na Unguwar Dosa cike yake da mata. Akwatuna biyar a buɗe, atamfa da leshi da takalma, an sha guɗa. Na shida kuwa, wanda ya fi duka nauyi, littattafan labarin yara ne har baki.

Aziza, 'yar kawun angona Sharhabil, wadda ta daɗe tana sonsa, har ta ɗaga waya tana ɗauka. Wai ita dama ta faɗa masa za a ga raini, bai ji ba. Gwaggo ta ƙara hawa, ta ce a danginmu ba a taɓa kawo wa 'ya takardu kamar za ta fara suyar ƙosai ba, don haka a dakata da maganar auren.

"Gwaggo, ni na roƙe shi..."



Na yi musu bayani. Shekara biyu ke nan duk Asabar ina shimfiɗa wa yaran layinmu tabarma a zaure, muna karanta littattafai bakwai da suka sha liƙi. A nan Sharhabil ya fara ganina, ranar da ya kawo 'yar yayarsa. Da ya tambayi abin da nake so a lefe, na faɗa masa gaskiya. Ban zaci zai cika akwati ba, kuma wallahi sonsa ya ƙaru a raina.

Gwaggo ta ce ita ba ta ji wannan ba. Ni kuma ban sunkuyar da kai ba.

Sai ga wata 'yar murya daga gefen akwatin.

"Wata... rana... Talatu ta... ɓatar da... takalmin sallarta."

Ummulkhairi ce, jikar Gwaggo, wadda aka maimaita wa aji saboda wai kanta ba ya ja. Wata uku tana zuwa tabarmata. Yatsanta na kan layi, ba ta ma san ana rigima ba.

Gwaggo ta juyo a hankali.

"Ke Ummu, haddacewa kika yi?"

Na ce sabon littafi ne, ni kaina ban taɓa buɗe shi ba.

Gwaggo ta zauna, ta jawo yarinyar jikinta, idanunta sun ciko.

"To, ta samu takalmin?"

"Ban kai wurin ba, Kaka."

"Ci gaba."

Aziza ta sauke wayarta. Wata daga dangin ango ta tambaya a ladabce ko su kwashe kayan. Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Biyar ɗin a shigar mata ɗaki. Wannan a bar mana nan, ba mu gama ba."

Guɗa ta ɓarke. Ina komawa ɗaki wayata ta yi ƙara, Sharhabil ne.

"Rabin raina, an karɓa?"

"An karɓa, masoyina. Sai dai akwati na shida ba zai bi ni gidanka ba, Gwaggo ta riƙe."

Bayan sati uku aka ɗaura aure. Har yau duk Asabar Sharhabil yana sauke ni a ƙofar gidanmu, kuma kullum sai na tarar Gwaggo ta riga ni shimfiɗa tabarmar.