Awa Biyu a Colares

"Mota? Zuwa Sintra?" Benedita ta ajiye biro tana kallon Telmo, saurayin da za ta aura a watan Satumba. "A ina za ka ajiye ta, a kanka? Ko baƙon da ya sauka jiya ya san jirgin ƙasa ake shiga."

"Saboda gwiwar Baba ne, zuciyata."

"Shekara arba'in gwiwar nan ta yi a durƙushe yana jera duwatsun titin Lisbon, ba ta taɓa damunka ba sai yau."

Sati biyu ke nan tana tsara tafiyar, ita da kanta, don ta ƙi jinin motocin yawon nan da ake kora mutane kamar awaki. Tun da ɓarin jikin mahaifinta Abílio ya shanye bara, bai fita daga gidansu na Amadora ba. So take ranar Lahadi ya ga duwatsun Sintra da safe, ya ga teku a Azenhas do Mar, su ƙarasa Cascais da yamma.

Telmo ya jawo takardar, ya ƙara layi guda.

"Colares, awa biyu..." ta karanta a hankali. "Me ke Colares ban da gonakin inabi?"

"Akwai wani wuri mai kyau. Da lambu, ga iska..."

"Wane wuri?"

Ya shiga juya kofin kofi a kan faranti.

"Telmo, da kai nake."

"Gidan kula da tsofaffi ne. Gani kawai za mu yi, Dita."

"Gani kawai. Shi ya sa kake son mota, don akwati ya samu wuri. Wa ya ba ka izini?"

"Yayanki Rúben ya amince. Mun yi waya."

Dariya ta ƙwace mata, mai ɗaci. Rúben da ke Luxembourg, wanda bai taɓa wanke wa uban nan ko ƙafa ba, shi ne mai amincewa. Haka suke duk, su yanke hukunci daga nesa, su lulluɓe shi da sunan tausayi, mace kuma ta riƙe jaka ta yi murmushi.

"Masoyiyata, dube ki fa. Kin rame, kin bar karatunki. Ɗakinmu ɗaya ne, hawa na huɗu. A ina zan sa shi? Ke nake aure, ba gadon asibiti ba."

"To auri ɗakin naka!"

Ta fara murza zoben daga yatsarta.

"Bar shi a inda yake, 'yata."

Baba Abílio ne a bakin ƙofar kicin, dogare da sandarsa. Ba su ji tahowarsa ba.

"Baba, ba inda za ka. Na rantse..."

"Tun shekaranjiya na haɗa kayana. Yaron nan bai iya ƙarya ba, kunnuwansa ke ja." Ya ja numfashi. "Haka muka kai kakarki, ni da uwarki. Ita ma cewa muka yi shan iska za mu je. Har hula ta saya."

Ya juya ga saurayin.

"Abu ɗaya nake roƙo, Telmo. Mu fara zuwa teku. Ita ba mu kai ta ba, mun ce mata hadari ya taso."

Ranar Lahadi garin ya waye fes. A Sintra sau uku suka zagaya ba wurin tsayawa, ta taga Baba ya ga duwatsun. A Azenhas do Mar ya zauna a kan katanga, ya daɗe yana kallon ruwa. Ita ta gyara masa wuyan riga, ita kuma ta ɗauki akwatin a Colares. Wata ma'aikaciya ta tarbe su tana kiransa "ɗan tsohona" kamar jariri.

"Zan zo kowace Lahadi, Baba."

"Haka na ce mata ni ma," ya amsa, ba tare da ya waiwayo ba.

A mota Telmo ya kamo hannunta.

"Kin yi ƙoƙari, zuciyata. Mu ƙarasa Cascais ko? Na kama mana tebur a bakin ruwa."

"Na mutum nawa?"

"Biyu," ya ce, idonsa na kan titi.

"Yaushe ka kama?"

"Satin da ya wuce..."

"Tsaya."

Ta ajiye zoben a kan kujera ta fita. Tana jin yana kiran sunanta, ba ta juya ba. Gidan tsofaffin na bayanta, tafiyar minti goma kacal. Ta tsaya a bakin titi tana jiran ƙafafunta su juya can da kansu.

Ba su juya ba. Motar hayar Sintra ta zo, ta shiga, ta zauna a baya. Can ne kukan ya zo mata, ba don Telmo ba, ba ma don Baba ba. Don a karon farko cikin shekara guda ta ji kafaɗunta sun yi sauƙi, kuma ta ji daɗin hakan.