Gadon Da Ba Ya Motsi

"Jirgin ruwa na ce, kuma jirgin ruwa za mu hau!" Nanay, uwarmu, ta daki tebur har miya ta fantsama.

"Ki yi haƙuri Nanay, ni dai ba zan hau ba," in ji Manong Renante, mijin yayata Jovelyn.

"Kun ji ko? Ba zai hau ba! A gidana, da shinkafata a bakinsa!"

Lola, kakarmu, ce za ta cika shekara tamanin, danginmu na garin Iloilo kaf suka ce a yi tafiya tare. Nanay ta kafe kan jirgin shaƙatawa da ke tashi daga Singafo. Manong Renante kuwa a irin jirgin yake aiki, gyaran ɗakuna, kusan shekara guda yana kan teku, sai ɗan hutun nan da ya zo. Shi otal a bakin teku ya ce a je.

"A jirgi abinci dare da rana," Nanay ta ci gaba. "Ka kwanta a wata ƙasa ka tashi a wata. Ba mai ɓacewa, ba mai girki. Otal ɗin bakin teku kuma fa? Yashi da sauro!"

Manong ya ce, "Ɗakin jirgi ko taga babu, Nanay. In an tsaya a gari, kafin ku gama hoto an busa muku ƙaho. Tsibirin Guimaras ga shi nan kusa, Lola ta miƙe ƙafa, 'yarmu Tintin ta yi wasa a yashi—"

"Ƙarya! Kunyarmu kake ji! Kada abokan aikinka su ga surukarka 'yar kasuwar kifi!" Ta juya kan yayata. "Ke Jovelyn, ki ɗauko jikata ki biyo mu, shi ya zauna ya yi gadin gida. Ko ni ko shi!"

Manang Jovelyn ta sunkuyar da kai. Tun da aka yi auren nan haka take, haɗiye magana kamar ƙwayar magani.

Sai Nanay ta ƙyallo ni. "Dayday, tashi ki nuna musu yadda yake tafiya!"

Ni da ba a roƙona sau biyu? Na miƙe, na ware ƙafafu, ina tangaɗi dama da hagu. Na dafe kofi kada ya zame. Na ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinsu, na maƙe murya: "Mai gyaran ɗaki ne, ranki ya daɗe, in shigo?"

Tita Nening, gwaggonmu, ta yi dariya har ta ƙware. Nanay na share hawaye.

"Ya isa!"

Cokali ya faɗi daga hannun Tita. Manang ce. Ban taɓa jin muryarta ta kai rufi ba.

"Dariya kuke yi? Haka yake yi, Nanay, haka! Ɗakin aurensa yake ƙwanƙwasawa yana neman izini! Cikin barci yana riƙe gefen gado kada ya faɗo! Tintin ta fara tafiya ba ya nan. Jiya yana zaune kusa da ita, na ce ina Babanki, ta ɗauko wayata ta sumbata!" Hawaye suka ɓalle mata. "Yanzu ɗan hutun nan ma ki mai da shi teku, ko ki raba shi da 'yarsa? Ba zan je ba. Ki yi fushi da ni, amma ba zan je ba!"

"Ni kike ɗaga wa murya? Ni da na—"

Ƙwas! Lola ta buga sandarta a ƙasa. Ashe ba barci take ba.

"Luzviminda, shekarun wa ake biki, naki ko nawa? Ubanki ma teku ya ci rabin rayuwarsa, kin girma kina ce masa baƙo. Guimaras za mu. Wanda ke son jirgi, ga kwalekwalen tsallakawa nan, ya ishe shi."

Nanay ta tashi ta hau kwashe kwanuka.

Muka je. A rana ta biyu Tintin ta saki siket ɗin uwarta, ta taka yashi tana tangaɗi, ƙafafu a ware, sak ubanta, har ta faɗa jikinsa. Manong ya ɗaga ta sama, ya juya mana baya, wai yashi ne ya shiga idonsa. Manang tana murmushin da na manta tana da shi.

Lola ta jawo hannunta. "Kin yi haƙuri, ga ladarsa. Amma ku sani 'yan mata, mai haƙuri ma akwai ranar da dole ta buɗe baki. Kuma hutun da zai raba miji da iyalinsa, ko a gadon zinariya ne, ba hutu ba ne."

Nanay ta tsotse ƙwallon mangwaronta na uku, ta harari ginin da ke bayanmu sama da ƙasa.

"Ku dai faɗi gaskiya. Tun da muka zo, otal ɗin nan ko taku ɗaya ya yi?"