Furannin da Na Ƙi Yankewa

"Ba zan yanke ba."

Na ajiye almakashin da Baba ya miƙo min a kan bokitin ban ruwa. Saurayina yana tsaye bakin shingen lambu, kwanduna a hannu.

"Haba, sanyin idona! Kwalliyar ɗakin taro na karɓa, mai kawo min fure ya yi min ƙafar ungulu. Sunana ne zai zube!"

Sana'arsa ke nan, ƙawata wurin taro. Ni kuma lambun nan shi ne binciken digirina. Ƙananan furanni ne masu ido a tsakiya, dangin fure mai bin rana. Idon rawaya ne, amma da ƙudan zuma ya gama aikinsa a kai, sai ya rikiɗe ja. Tarin launin ke jawo ƙudan daga nesa, in ya iso ya tsallake jajayen ya sauka kan rawaya. A makon nan suka fara juyawa.

"To ba ni jajayen kawai," in ji shi. "Ai sun gama amfani."

"Su ne alamar! In ka cire su, me zan gwada? Shekarata guda ta tafi ke nan."

Gwaggo ta leƙo ta taga. "Oh ni! Boko ya kai ta gadin ƙuda. Sai ki aure su, su ba ki zuma!"

"Ni na ce ki yanke," Baba ya faɗa a hankali.

"Ka yi haƙuri, Baba..." Amma ban sunkuya na ɗauki almakashin ba.

Saurayina ya daɗe yana kallona. "Yau ɗaya na roƙe ki abu. Yau ɗaya!"

"Kai ma yau ɗaya na ce maka a'a."

Ya fita. Ko ƙofar bai buga ba, da ma ya buga.

Kullum da sassafe nake zama kan kujerar roba ina bin ƙudan da ido, hawaye na ɗiga kan siket ɗina. Ba wanda ya gani, ban yarda ba. Ƙudan bai ba ni kunya ba, binciken ya fito fes, malamina har da tafi.

Aikin ɗakin taron ya kuɓuce wa saurayina. Zoben alkawarin da ya ba ni, ƙanwarsa ta zo ta karɓa. Baba yana amsa gaisuwata, amma ya daina kirana uwata.

Da za a sake, ba zan yanke ba. Sai dai na rasa wanda nake so, kuma har yau ina sonsa.