Hodar Da Ta Narke A Gaban Malam

Ranar Litinin da hantsi, ana tsakiyar damina, manajan wata masana'anta ya shigo caji ofis yana sharce gumi, ya ce an sace musu duro huɗu na hoda.

Sajan ya ɗaga gira. "Hoda wace iri? Manaja, kada fa ka kawo kanka da ƙafarka."

"Subhanallahi! Gishirin kanitin ne," in ji Manaja. "Shi muke ɗurawa a kafso, masu motsa jiki suna saye. Zallan kanitin ba ya jure iska, da an buɗe shi sai ya ja laima ya jiƙe. Shi ya sa muke sayen wanda aka sarrafa ya zama gishiri, wanda zai shekara a bushe yana zuba kamar rairayi."

Sufeto ya tambaya su wa ke riƙe da makullin sito. Mutum biyu ne: Mai Sito, da kuma shugaban ɗakin gwaji, dattijon da kowa ke kira Malam.

Da suka isa masana'antar, Sufeto yana ganin dattijon ya cire hularsa ya rusuna. Ai malaminsa ne na kimiyya a sakandare, wanda ya taɓa tsaya masa ranar da aka so korarsa daga makaranta.

"Ɗana, ashe kai ne," in ji Malam. "Ni ba na zargin kowa, zargi zunubi ne. Abin da na sani kawai, makullina bai taɓa barin aljihuna ba."

Wannan magana ta ishi Sufeto. Bai leƙa ko'ina ba, ya sa aka tafi da Mai Sito, aka rufe shi a bayan kanta. Allah Ya halicci ɗan Adam da gaggawa, kuma gaggawar mai hukunci ta fi kowace muni, domin a kan wuyan wani take sauka.

Ranar Laraba da safe an gama haɗa fayil, washegari za a kai Mai Sito kotu. Matarsa tana zaune a kan bencin ƙofar ofis, inda ta wuni jiya da shekaranjiya. Da Sufeto ya zo wucewa sai ta miƙe.

"Yallaɓai, shekara goma sha tara maigidana yana riƙe da makullin nan, ko allura ba ta taɓa ɓata ba."

"Baiwar Allah, alƙali zai duba."

"Alƙali zai duba abin da ka rubuta. Kai ka shiga siton ka duba?"

Gaskiya ne, Sufeto bai shiga ba. Kunya ta rufe shi har ya ji kakinsa ya yi masa nauyi. Ya juya ya ce da Sajan ya ɗauko mota.

A masana'antar Manaja ya raka su sito. Ƙofar siton lafiyarta lau, ba a ɓalle komai ba. Tsofaffin durorin suna jere a kan katako, ƙarƙashinsu a bushe ƙamas. A gurbin huɗun da suka ɓata kuwa akwai wani tabo. Sufeto ya durƙusa ya shafa, yatsansa ya fito da danƙo, da ɗan wari kamar na kifi.

"Manaja, ba ka ce hodarku ba ta jiƙewa ba?"

"Ko rufi ne yake yoyo?"

Sajan ya kalli sama. "To rufin nan ya iya zaɓe, Yallaɓai. Ya tsallake duro goma, ya zo ya sami huɗu."

Daga nan suka shiga ɗakin ɗura kafso. Matar da ke kula da injin ta daɗe a wurin har ma'aikata suna kiranta Uwar Inji.

"Yaya, injin naki ya ba ki wahala makon jiya?" in ji Sufeto.

"Lafiyarsa ƙalau. Ya ma fi mijina lafiya."

Sufeto bai yi dariya ba. Ya jawo wani bokiti daga ƙarƙashin tebur, ya ɗaga tsumman da aka rufe shi da shi. Kafso ne cike, sun yi laushi sun manne da juna.

"Waɗannan fa?"

Ta sunkuyar da kai tana murɗa gefen mayafinta.

"Mutum yana bayan kanta kwana biyu, gobe kotu," in ji Sufeto. "Ranar da za a tambaye ki a gaban Allah, ba ni ne zan yi tambayar ba."

Hawaye ya zubo mata. Ta ce ranar Alhamis aka buɗe sababbin durorin aka ɗiba. Kafin azahar hodar ta dunƙule kamar ƙullu, ta toshe bakin inji. Ta kai wa Malam maganar, ya ce ta wanke injin ta yi shiru, shi zai ji da sauran.

"Na zaci gyara zai yi. Da na ga an tafi da Mai Sito, wallahi barci ya ƙaurace mini. Amma wace ce ni da zan ƙaryata Malam?"

Sufeto bai tsawata mata ba. Da wane baki?

A bayan ɗakin gwaji ake jibge durorin da aka gama da su. Sajan ya mirgino huɗu da suka fi sauran tsafta: an wanke su tas, an kankare takardun jikinsu. Kusa da su akwai bakin kwatar da ta fito daga ɗakin gwajin, ciyawar gefenta ta ƙone ta yi ja, alhali ko'ina kore ne shar.

"Ɓarawon nan mai tsafta ne," in ji Sajan. "Ya sace kaya ya zubar a kwata, ya wanke mazubi ya ajiye."

"Jira ni a mota," in ji Sufeto.

Ya sami Malam a zaune a gaban teburinsa, bayansa kuwa kanta ce cike da ƙananan kwalabe, kowace an toshe bakinta an rubuta kwanan wata. Ƙa'idar aikin ce: duk kayan da suka shigo, a ɗebi samfur a adana.

"Allah Ya gafarta Malam, ina son ganin takardar gwajin kayan da suka ɓata."

Malam ya miƙa masa. Ga sa hannunsa, irin wanda Sufeto ya sani tun a ƙasan takardun jarrabawa. An gwada, an tabbatar gishirin kanitin ne mai kyau.

"Da kanka ka gwada, Malam?"

"Shekara nawa ina wannan aiki, ɗana?"

"Haka ne. A ba ni samfurinsu, da na tsofaffin."

Dattijon ya sauko da kwalabe biyu. Sufeto ya ɗauki faifan gilashi biyu, ya zuba kaɗan daga kowace, ya ajiye su a bakin taga. Dukkansu farare ne, ido ba zai raba su ba.

"Kai ka koya mana wannan a aji uku," in ji shi. "Ka ce idan hoda biyu suka yi kama, kada mu yi gardama, mu bar iska ta yi shaida."

Suka zauna, hadari yana haɗuwa a waje, agogon bango yana tafiya. Sufeto ya kasa kallon fuskar malaminsa, malamin ya kasa kallon taga.

Da lokacin la'asar ya yi suka yi alwala, suka shimfiɗa darduma a kusurwar ɗakin. Sufeto ya ja da baya kamar yadda ladabi ya tanada. Malam ya tsaya cik, sannan ya girgiza kai.

"Wuce gaba ka ja mu. Yau ban cancanta ba."

Bayan sallama suka koma bakin taga. Hodar tsofaffin durorin tana nan a bushe, har iska tana ɗan kwasarta. Ɗayar kuwa ta narke, ta zama ɗigon ruwa mai yauƙi a tsakiyar gilashin.

Malam ya daɗe yana kallonsa.

"Mijin ƙaramar 'yata ne ya kawo kayan," ya ce a hankali. "Sabon shiga ne a harkar, ni na roƙa masa Manaja. Ya zo ya durƙusa a nan, ya ce, 'Baba, ga kaya.' Sai na ji nauyin in sa kayan surukina a ma'auni kamar ina tuhumarsa. Na ɗebi samfur, na sa hannu ban gwada ba. Ashe zallan kanitin ne aka liƙa wa takardar gishiri. Ko ya sani, ko shi ma cutarsa aka yi, Allah ne masani."

"Za mu tambaye shi. Daga nan fa?"

"Ranar Lahadi da rana, ba kowa sai mai gadi a can bakin ƙofa. Na ɗora durorin a baro ɗaya bayan ɗaya na kawo nan, na sake musu famfo. Na ce idan an ce sata ce, ba mai sake duba sa hannuna, auren 'yata kuma ya tsira. Ban kawo za a kama kowa ba."

"Amma an kama, Malam. A gabanka."

"A gabana. Na ji kunyar suruki, ban ji kunyar Wanda Ya halicce ni ba."

"Me ya hana ka zubar da kwalbar?"

"Na ɗauke ta sau uku. Shekara talatin ban taɓa ɓata samfur ba. Hannuna ya ƙi."

Sufeto ya karanta masa laifinsa: lalata dukiyar amana, shaidar ƙarya, da jefa marar laifi a tsare. Sajan ya leƙo da ankwa, Sufeto ya yi masa nuni ya mayar aljihu.

"Malam, ni ma ina da rabona a ciki. Da na shiga siton ranar Litinin, da bawan Allah bai kwana a ƙasa ba."

Suna isa caji ofis ya sa aka buɗe bayan kanta. Mai Sito ya fito yana kare ido daga haske, rigarsa ta yamutse, matarsa ta taso da sauri. Sufeto ya cire hula a gaban kurata da masu kawo ƙara, ya ce, "Baba, na zalunce ka. Ka yafe mini don Allah."

Mai Sito bai gama jin maganar ba ya hango Malam a tsaye a bakin ƙofa. Fuskarsa ta washe. Ya tafi da sauri ya durƙusa, ya kama hannun dattijon da hannu biyu.

"Malam! Kai da kanka ka zo belina? Na faɗa wa uwargida, na ce in dai Malam yana raye ba zai bar ni a nan ba. Allah Ya saka da alheri, Allah Ya rufa maka asiri duniya da lahira."

Malam ya zare hannunsa a hankali, ya rufe fuskarsa da hannun rigarsa, kafaɗunsa suna girgiza.

"Tashi," ya ce. "Tashi, don girman Allah. Ni ne."

Sannan ya tuɓe takalmansa da kansa, ya jera su a gefen kanta, ya shiga ta ƙofar da ba a riga an rufe ba.